Suna a Rimaye Cikin Ɗari: Ɗumin da Ya Kusa Zame Mana Kuka

    

A wannan wata so nake ki nemi mayafinki mai kauri, ki sa wa yara safa da hular sanyi, ki biyo ni mu je Rimaye, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya a tsakiyar Jihar Katsina. Na yi wannan tafiya ne a watan Janairun 2024, lokacin da ƙanwata da ke aure a can ta sauka, muka tafi suna. Kwana biyu kacal muka yi, amma abin da idona ya gane mini a cikinsu ya sa na ƙudurta a raina cewa sai na ba ki labari, domin abin da ya same mu yana iya samun duk macen da ke neman wa iyalinta ɗumi a irin wannan lokaci.

Fitowa daga Kano

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ana gobe suna. Dalilinmu biyu ne. Na farko muna so mu isa da hantsi a yi aikin suna da mu, na biyu kuma ke ma kin san halin da tsaro ya shiga a wasu sassan Jihar Katsina a 'yan shekarun nan, mai iyali ba ya son yamma ta riske shi a hanya. Mu shida ne a motar: maigida, ni, yara uku, sai Innarmu, yayar mahaifiyarmu, tsohuwa mai fama da ciwon ƙirji wadda sanyi kaɗan ke tayar mata da tari. Autana kuwa watansa takwas a lokacin. Bayan mota cike yake da kayan barka, turamen atamfa, sabulai, kayan jarirai da yajin jego.

Idan ba ki taɓa fita daga Kano da asubar Janairu ba, to ki ƙaddara kamar an yafa wa duniya farin gyale. Hazo ya rufe ko'ina, fitilar motar da ke gabanki sai kin matso kusa kike ganinta, rana kuma in ta fito sai ki kalle ta da ido kamar farin faifai. Wannan iska ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso hamadar Sahara, kuma da yawan ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari take da ke arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu take cin kasuwarta, amma Disamba da Janairu ne ganiyarta, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 da asuba, wani lokaci har ƙasa da haka.

Motar tamu irin 'yar Kwatanon nan ce da ta gama yawonta a Turai kafin ta iso hannunmu, don haka tana da hita. Maigida ya kunna, ɗumi ya cika motar, Inna ta yi hamdala, yara suka koma barci. Mun wuce Bichi lafiya lau. Kafin mu kai Tsanyawa sai na ji shuu ɗin nan na fanka ya ɗauke ɗif. Maigida ya murɗa makunni gaba, ya murɗa baya, ya ɗan bubbuga, shiru kake ji. Ba a yi minti goma sha biyar ba sanyi ya fara ratso ƙasan mota, Inna ta soma tari, irin tarin nan mai tsaya wa mutum a rai. Na cire mayafina na ƙara mata, na tura auta cikin hijabina.

A Gidan Mutum Ɗaya

Daga Tsanyawa kin kusa barin Jihar Kano. Da kin shiga ƙasar Katsina za ki ratsa yankin Yashe na Ƙaramar Hukumar Kusada, sannan ki iso mararrabar da ake kira Gidan Mutum Ɗaya. Suna ne kawai, 'yar'uwa, domin wurin cike yake da jama'a: masu shayi, masu ƙosai, 'yan acaɓa sun naɗe kai da rawani sai ido, direbobi sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. A nan hanya ke rabuwa. Wadda ta miƙe ita ke zuwa Kankiya da Charanchi har Katsina, ɗayar kuma ta nufi wajen Malumfashi, ita ce za ta kai ki Rimaye.

Maigida ya so mu wuce tunda mun kusa, amma na ce masa, “Alhaji, akwai komawa, kuma jibi ma da sanyin safiya za mu fito.” Ya yi tambaya, aka nuna mana wani saurayi mai gyaran wayar mota a wata 'yar rumfa. Ina zaune a gaba na ga duk yadda aka yi, kuma ina so ki bi shi daki-daki, domin daga baya na gane cewa yadda ya bi laifin nan haka ake bin laifin wuta ko a cikin gida.

Bai fara da kwance komai ba, tambaya ya fara yi. “Alhaji, iskar ce ba ta fitowa sam, ko tana fitowa amma da sanyi?” Maigida ya ce ba ta fitowa sam. Ya sake tambaya, “A kowace lamba, daga ɗaya har huɗu?” Aka ce masa eh. Sai ya yi mana bayani. Ya ce zafin hitar mota daga ruwan inji yake zuwa, ruwan lagireto ne mai zafi ke bi ta wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a gaban mota, fanka kuma ta huro iska ta cikinsa. Aikin lantarki a nan shi ne juya fankar kawai. Don haka in iska tana fitowa amma ba ɗumi, ba aikinsa ba ne, na makaniki ne: ko ruwa ya yi ƙasa, ko an cire abin nan mai daidaita zafin inji kamar yadda ake yawan yi a ƙasar nan, ko an toshe tiyon hitar. In kuma fanka tana aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, to abin rage mata gudu ne ya ƙone. Amma in ta mutu gaba ɗaya, fis ake fara dubawa.

Ya buɗe wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan abu kore kamar haƙori, ya ɗaga shi sama ya nuna mana. Siririyar wayar da ke cikinsa ta tsinke. Wani mutum da ke tsaye yana shan shayi ya ce, “Kai, naɗa masa takardar sigari mana su tafi, ko ka sa 'yar waya.” Saurayin ya girgiza kai ya ce, “Baba, da iyali a ciki? Fis maigadi ne. An yi shi ne don ya ƙone kafin wayar mota ta ƙone. In ka ɗaure shi da waya ka sallami maigadi ke nan.” Ya nuna mini lambar da ke kansa, 30, ya ce kowane fis da lambarsa da launinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma ba a sa wanda ya fi lambar da aka cire.

Ya sa sabo, maigida ya kunna. Fanka ta yi gurnani kaɗan, sai ɗif, sabon ma ya ƙone. Na ce a raina shi ke nan. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, “Hajiya, ai yanzu ya gaya mana gaskiya. Akwai abin da ke danne fankar.” Ya kwanta a ƙasan kujerar da nake, ya kwance fankar ya fito da ita. Wallahi 'yar'uwa sai da kunya ta kama ni. Ƙura ce dam, da ɓawon gyaɗa, da tsummokara, har da guntun safar yaro da na daɗe ina nema. Ɓera ne ya yi sheƙa a ciki da abin da yara ke zubarwa a mota. Fanka na ƙoƙarin juyawa, shara ta riƙe ta, sai ta ja wuta fiye da ƙima, fis ya ƙone. Ya kakkaɓe ta, ya mayar, ya sa fis na uku, ɗumi ya dawo. Abin da muka biya bai kai kuɗin shayi da ƙosan da muka ci muna jira ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai motoci masu ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, waɗanda iyali ke yawo da su su kwana a ciki har a lokacin ƙanƙara. Hitarsu gas ko man dizal take ƙonawa, amma duk da haka batir ne ke kunna ta yana juya fankarta, kuma da batir ya yi rauni sai ta kashe kanta cikin dare. Su ma in hakan ta faru abin da suke fara dubawa ke nan: batir, fis, da inda waya ta yi sako-sako. Laifin wuta halinsa ɗaya ne ko'ina.

Rimaye da hantsi

Daga mararrabar ba mu yi wata doguwar tafiya ba muka shiga Rimaye. Sunan garin da kansa jam'in rimi ne, itacen nan mai tsayi da iyayenmu ke cusa audugarsa a matashi da katifa. A Janairu an riga an kawar da amfanin gona. Gonaki sun yi fayau, an tara karan dawa da na gero, rumbuna sun cika, shanu na kiwo a cikin sauran harawa. Kukoki sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, gawo ne kaɗai ya yi kore shar, domin shi da rani yake ganyensa. Ta ko'ina hayaƙi ne ke tashi a hankali yana gauraya da hazo. Dattawa sun jeru a jikin bangon da rana ke duka, almajirai sun zagaye wuta, matan Fulani na shigowa da ƙwaryar nono a ka.

Mutanen Rimaye akwai karɓar baƙo. Tun daga zaure ake mana “Maraba lale, kun sha hanya, ina ɗari?” muna amsa “Lokacinshi ne.” Ba mu zauna ba aka kawo kunun tsamiya mai zafi, sai fura da nono, da rana kuma tuwon dawa miyar kuka da man shanu. In kin saba da Hausar Kano, kunnenki zai ji daɗin Katsinanci, “mi” a wurin “me”, “ɗiya” a wurin “'ya”. Tsakar gida kuwa tuni an kafa tukwane, ga ƙaton tukunyar ruwan wankan jego a kan murhu, da ganyen darbejiya a gefe.

Na sami ƙanwata lafiya, jaririya tuɓul-tuɓul. Ɗakinta sabon gini ne na siminti, da rufin kwano da silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe. Mijinta ya sa musu sola: faifai biyu a kan rufi, batir ɗaya, da inbata a lungun falo. Da ita suke kunna fitila, su yi cajin waya, su juya fanka da bazara. Mai kula da maijego kuwa Goggon mijinta ce, dattijuwa mai kirki da kazar-kazar, wadda rabin yaran unguwar a hannunta aka yi musu wankan farko.

Daren da ba zan manta ba

Bayan isha'i gida ya cika da baƙi. Wata daga cikin 'yan matan da suka zo taya aiki ta ga murhu duk da tukwane, ga shi ana son ruwan ɗumi don jaririya, sai ta ɗauko hitar nan ta dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, ta jona a soket ɗin falo. Inbata ta yi wani ƙara, fitilu suka ɗauke gaba ɗaya. Aka yi ta haska waya, aka kashe aka kunna, ta ƙi. Maza suka ce a bari sai da safe.

Dare ya yi, sanyi ya sauko kamar ana zuba shi. Mu biyar muka kwana a ɗakin maijego: ita da jaririya, ni da auta, sai Goggo. Inna da sauran yara suna ɗakin da ke kusa. Can sai ga Goggo ta shigo da kasko cike da gawayi yana ja, ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ta ja taga ta rufe, ta tura ƙofa, har ta sa tsumma ta toshe ƙasanta don kada iska ta taɓa jaririya.

A nan ne, 'yar'uwa, na yi kuskuren da nake so ki guje masa. Raina bai kwanta ba, na san an sha faɗa cewa gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne. Amma ni baƙuwa ce, gidan surukan ƙanwata ne, ga ta dattijuwa. Na buɗe baki a hankali na ce, “Goggo, ko a ɗan bar taga?” Ta yi dariya ta ce, “Haba ɗiyata, da haka muka raini iyayenku.” Kunya ta rufe mini baki, na ja bargo.

Ban san ƙarfe nawa ba ne, kukan auta ya tashe ni, wani irin kuka marar ƙarfi. Na yunƙura zan tashi, kaina ya sara kamar an buga guduma, ɗakin yana juya mini, zuciyata na tashi. Na kira ƙanwata sau biyu kafin ta amsa, ta ce ita ma kanta ciwo yake, jikinta ba ƙwari. Nan take na tuna da kaskon. Da rarrafe na kai ƙofa, na fizge tsumman, na wangale ta, na buɗe taga, na ɗauki jaririya da auta na fita tsakar gida ina salati. Aka farka, aka fito da maijego da Goggo, wadda sai da aka riƙe ta saboda jiri. Jaririya ta yi lamo, aka yi ta shafa bayanta har ta callara kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗi kamar wannan ba.

Akwai wata maƙwabciya ma'aikaciyar lafiya, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ke yayewa, aka buga mata ƙofa ta zo. Ta duba kowa, ta ce mu zauna a inda iska ke kaɗawa a lulluɓe, kuma gari na wayewa a kai jaririya da uwarta asibiti a ƙara dubawa. Haka aka yi, Allah ya taƙaita. Ita ce ta yi mana bayanin cewa gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200, sai mutum ya yi ta barci har ya zarce. Jarirai, masu ciki, tsofaffi da masu ciwon ƙirji ta fi saurin kayarwa. Da Inna a ɗakin ta kwana, Allah kaɗai ya san yadda labarin zai kasance.

Goggo ta yi zugum, hawaye na zuba. Inna ce ta zauna kusa da ita ta ce, “Yaya, ba ki yi ƙarya ba, da haka aka raine mu. Amma ɗakin da aka raine mu na kara ne da azara, ƙofarsa asabari, iska na shiga ta ko'ina. Wannan kuwa kwalba ce.” Sannan ta tuna mata abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim, cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Goggo ta ce, “Sadaƙa Rasulullahi.” Ita da kanta ta juye kaskon ta yayyafa masa ruwa.

Abin da ya kashe sola

Da safe aka raɗa suna, maroƙi ya yi shela, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Ana cikin hidima wani ƙanen maigidan, ɗalibin makarantar koyon sana'a, ya zo duba sola. Na tsaya a kansa, sai na ga hanyar saurayin Gidan Mutum Ɗaya ya bi sak. Ya fara da tambaya: me aka jona na ƙarshe kafin ta ɗauke? Aka nuna masa hita. Ya karanta jikinta, wat 1,500. Ya nuna mini jikin inbata, ƙarfinta bai wuce wat 1,000 ba. Ya ce, “Anti, kwan fitila ɗaya na ɗakin nan wat 10 yake ci. Wannan hitar ita kaɗai daidai take da kwai 150 a kunne lokaci ɗaya.” Ya ce ko da inbata za ta iya ɗauka, batir ɗaya ba zai jure ba, cikin ɗan lokaci za ta zuƙe shi tas.

Ya zare duk abin da ke jone, ya duba makunnin kariya da ke bayan inbata ya ga ya faɗi, ya mayar da shi. Ya shinshina doguwar wayar soket da aka jona hitar a kai, ya nuna mini inda robarta ta narke ta yi baƙi, ya ce a jefar da ita. Sannan ya hau rufi ya goge faifan da tsumma mai laushi, domin ƙurar hunturu ta lulluɓe su, ga hazo ya rage hasken rana, shi ya sa batir bai cika ba tun farko. Bayan azahar fitilu suka dawo.

Washegari da sassafe mun yi sallama, mun loda kaya, maigida ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyas-ƙyas ta yi shiru. Yaron nan ya buɗe gaban mota, sai ga wani farin gari kamar gishiri ya taru a kan batir, waya ɗaya kuma tana motsi. Ya ce sanyi yana rage ƙarfin batir, yana kuma sa man inji ya yi kauri, don haka batirin da ke lallaɓawa da zafi asirinsa da sanyin asuba yake tonuwa. Ya cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan ɗayar, ya ce Goggo ta ba shi ruwan kanwa mai ɗumi, ya wanke kawunan, ya goge, ya mayar ya ɗaure tam. Mota ta tashi. Goggo ta ce, “Ashe kanwar tawa har mota take wa magani.” Aka yi dariya, muka rabu kowa na share ido.

Guzurin da na kawo miki

Uwargida, ga tsarabar Rimaye, ki ƙulle ta a bakin zani.

Idan abin wuta ya tsaya, a mota ko a gida, kada a fara da kwance-kwance. A tambaya tukuna: me aka jona na ƙarshe, kuma abu ɗaya ne ya mutu ko duka? A zare komai, a duba fis ko makunnin kariya, a duba inda waya ta yi sako-sako. In fis ya sake ƙonewa, a tsaya a kira mai gyara, akwai dalili. Kada ki yarda a naɗa masa waya ko takardar sigari, ko da kuwa maigida ne ya ce sauri yake.

Duk abin da aikinsa yin zafi ne, hitar ruwa, butar lantarki, dutsen guga, hitar ɗaki, cin wutarsa ya fi na sauran kayan gida nesa ba kusa ba. Kada a ɗora shi a kan ƙaramar sola, ko ƙaramin janareta, ko doguwar wayar soket mai araha. In kin taɓa fulogi kin ji zafi, ko kin ji ƙaurin roba, ki kashe nan take. In an ɗauke wuta kina dafa ruwa, ki zare hitar kafin ki bar wurin, domin gobara da yawa a hunturu daga hitar da aka manta take tashi bayan an dawo da wuta. Kada yaro ya kusanci bokitin da hita ke ciki, ke ma kada ki sa hannu ki ji zafin ruwa sai kin zare ta. In kuwa wuta ta kama daga waya, a kashe babban makunnin gida, a zuba yashi, kada a watsa ruwa.

Gawayi kuma a ɗumama ɗaki da shi taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, ba a zaure ko a baranda ba. Mota ma ba a barin ta a kunne a rufaffen gareji don jin ɗumi. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, kada a tsaya neman magani ko zargin iska, a fita waje tukuna, sannan a nufi asibiti. Jariri kuwa babu ɗumin da ya kai masa jikin uwarsa: hula, safa, a manna shi a ƙirji a lulluɓa, a ba shi nono, wankansa kuma a bari sai hantsi ya dubi ludayi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini nauyi. Kunya ado ce a gare mu, girmama manya kuma addini ne, amma inda rai ke cikin haɗari shiru ba tarbiyya ba ce. In bakinki ba zai iya ba, ki nemi wata babba ta faɗa a madadinki, kamar yadda Inna ta yi, ko ki tashi da kanki ki buɗe tagar ki ba da haƙuri da safe.

Yarinyar nan yanzu tana gudu a tsakar gida, kuma an ce duk gidan da Goggo ta je wankan jego, ita ke fara cewa a fitar da kasko kafin a kwanta. In Allah ya kai ki Rimaye da hunturu, ki sha kunun tsamiyarsu, ki gaishe mini da mutanen garin.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da mummunan tsautsayi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.